Jan Zaren Maraƙar Floarea

A ƙauyenmu idan ka yabi maraƙi sai ka tofa yawu a gefe, don kada bakinka ya kama shi. Gavrila bai tofa ba. A gabana ya leƙo ta shinge, ya ce maraƙar Floarea, matar marigayi wansa, ta fi ta kowa kyau bana, ya wuce abinsa.

Shi ke nan fa. Dama tun rabon gado ba ta yarda da shi ba. Saniyarta ta tsufa, nono ya kusa ƙafewa, kuma wannan maraƙa ce kaɗai za ta maye gurbinta. Ta ɗaura mata jan zare a wuya. Ranar da kowa ya kora nasa zuwa makiyayar tudu, ita sai ta ɓoye tata a bayan turke, gindin itatuwan tuffa, inda ruwan kashin shanu ke gangarowa, ciyawa ta yi kore shar. A cewarta can babu idon da zai gan ta.

Kafin a fara yankan ciyawa zawo ya kama maraƙar. Gashi ya tashi, ƙasan haɓa ya kumbura, haƙarƙari duk a waje. Floarea ta ce mini na ga aikin mutumin ko? Ni ma, gaskiya, sai da na riƙa kallonsa a karkace.

Gavrila ya zo da kwalbar magani daga likitan dabbobi.

"Matar Yaya, tsutsar ciki ce. Na ba nawa. Ki ɗura mata, ki fitar da ita daga wannan caɓi."

"In fitar da ita ka ƙarasa ta? Ajiye ka tafi."

Yana juya baya ta tuttular a kwata. Mace da taurin kai, kai!

Da maraƙar ta mutu, babu wanda ya iya fiɗa a layinmu sai shi, dole ta kira shi don ko fatar ta tsira. Ya tsaga tumbin, ya matsa gefe. Tsutsotsi ne cunkus, sirara, jajaye da jinin da suka sha.

Floarea ta daɗe tana kallo. Na tausaya mata har cikin raina. Can ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, a ina maraƙar ta kwashi abin nan.

Gavrila ya nuna mata koriyar ciyawar bayan turken, wadda take tsaye a kai.