Bandar Akuyar Kaltume

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, akuya ɗaya ce ta rage wa Kaltume a gidansu da ke bayan Zakirai. Sauda, 'yarta ta fari, ta dawo gida goyon ciki, kuma Kaltume ta ƙudura a ranta cewa duk tsananin da ake ciki, yarinyar nan sai ta sha romo a jegonta. Bakinta bai taɓa furta sunan Sauda ba saboda kunyar 'yar fari, ko kallonta a sace take yi. To in ba ta wannan romon ba, ta ina yarinyar za ta san ana sonta?

Sai dai akuyar ba ta jira ba. Babu harawa, babu dusa, ta rame ta lalace, wata safiya ta kwanta ta kasa tashi. Dole aka yanka ta, alhali haihuwa da sauran lokaci. Man da za a soya nama a ajiye kuwa, an manta kamanninsa a gidan.

"Banda za a yi," in ji mijinta Yuguda. "Lokacin da nake ci-rani a Baga..."

Kai, wannan labarin Baga! Sau ɗaya ya je yana saurayi, ya yi wa masunta dako, amma har furfura ta cika masa gemu bai gama bayarwa ba. Kaltume ta saba katse shi da sallar da ba ta yi ba ko tukunyar da ke ƙuna. Yau kam dole ta tsaya.

Ya haƙa rami a bayan madafi, ya gicciya ɗanyun sanduna, ya sa ta yanka naman falle-falle ta shafe shi da gishiri da barkono. Ta kawo itacen darbejiya, ya ce, "Mayar da shi, sai dai in maɗaci kike son mai jego ta ci. Kawo marke."

"Malam, ni da na tsufa a gindin murhu za a koya wa wuta?"

"Ai ba wuta ake so ba, hayaƙi ake so. In ta yi harshe, ki yayyafa mata ruwa."

Haka suka wuni suna juyi, suna hawaye, suna musu, kashegari ma haka, har naman ya yi baƙi ya ƙandare. Daga nan Yuguda ya tafi Gezawa neman aikin da zai samo musu dawa.

Kaltume ta dubi naman, ta dubi gidan da kowa ke kwana da rabin ciki. Gaskiya ko hannunta ba ta yarda da shi ba. Sai ta yi masa yadda take wa irin shuka: ta zuba a tulu, ta rufe, ta liƙe bakin da laka.

Da Yuguda ya dawo bayan kwanaki ya ji abin da ta yi, ko ruwa bai sha ba ya fasa lakar. Wani wari ya bugo su. Naman ya yi gumi, fumfuna ta yi masa fari-fari. Kaltume ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, kukan baƙin ciki na gaske, don da hannunta ta ɓata abin da take tattali.

Yuguda ya tsuguna kusa da ita. "Haba, share hawayenki. Banda ba ta son rufi, iska take so da hayaƙi. Yana cikin labarin, kullum kafin in kawo nan kike tashi."

Suka zubar da wanda ya yi laushi, suka kankare sauran suka mayar kan hayaƙi. Abin da ya tsira bai fi rabi ba. Ya zarge shi a igiya ya rataye saman murhu, a idon kowa. A ƙarƙashinsa aka yi ta cin tuwo da miyar kuka lami, ba wanda ya miƙa hannu.

Sauda ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Bayan wankan safe, Kaltume ta kawo romo yana tururi, ya sha yaji, ta dire a bakin ƙofar ɗakin Sauda tana kallon bango.

"Ga shi nan, in za a sha."

Sauda ta kurɓa, ta ɗago kai. "Inna, kullum ina ganinsa a rataye. Na san don ni kuke haƙuri."

"A sha kafin ya huce," in ji Kaltume, ta fice tana goge ido da bakin zane.

Ta tarar da Yuguda a inuwar rumbu, ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, ɗauko min labarin Bagan nan daga farko."