Jinjirin Wata a Bakin Bindiga

Sha'ibu ɗan kabu-kabu yana tsakiyar harbe abokan gaba a kwamfuta sai Alhaji Tanimun, mai ginin, ya shigo shagon Mamane. Ya tsaya bayan kujera, ya gyara tabarau, ya dangwala yatsa a tsakiyar gilashin.

"Mamane, mine ne wanga?"

"Alamar saiti ce, Baba Alhaji. Inda ta sauka, nan harsashi ke zuwa."

"Gicciye dai. Cikin ginina, a Konni! Abin da ka koyo mana a Kwatano ke nan?"

"Layi biyu ne kawai suka haɗu."

"To, ka raba su. In na fito sallar la'asar na tarar da shi, ka ba ni makullina."

Kwamfuta shida Mamane ke da su, babu kuma wani shago mai wuta a layin. Mamane ya zauna zane. Ya gwada ɗigo, ya ɓace cikin jini. Ya gwada zobe, Sha'ibu ya ce kamar bakin rijiya. Daga ƙarshe ya zana jinjirin wata kore da tauraro a tsakiya, daidai inda harsashi ke sauka, ya sa a duk injinan.

Alhaji ya dawo da carbi a hannu. Ya daɗe yana kallo.

"Tauraron bai zauna ba. Ka taɓa ganin shi haka a kan hasumiya? Matsa shi gefe."

"Baba, in na matsa shi, saiti ya karkace."

"Matsa shi."

Mamane ya matsa shi.

Sha'ibu ya kama wasa. Harbi tara, bango tara. A na goma kan wani ya fashe bisa kuskure, jini ya wanke gilashin. Alhaji ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Yanzu ya zama wasan 'ya'yan mutunci."

"An kashe ni sau huɗu, Alhaji!"

"Kwananka ne ya ƙare, direban babur."

Alhaji ya juya zai fita. Rana ta faɗo ta taga, inuwar ƙarafan da shi da kansa ya sa maƙeri ya gitta ta kwanta a ƙasa. Mamane ya ƙirga gicciye goma sha biyu, ɗaya ma a kan babbar rigar Alhaji.

Ya tashi a hankali, ya saki labule.