Goran Garmahon Badaru

Tun ranar da Badaru tela ya sayo garmaho, injin kiɗa mai faifai, a kasuwar Maigatari, a hannun wani ɗan Damagaram, hankalinsa bai sake kwanciya ba. Garmahon mai ƙaton ƙaho ne, in ya buɗe baki rabin Gumel sai ta ji. Ga shi kuma shagon Badaru bango ɗaya ne da zauren baffansa, Malam Nata'ala, inda ake karatu safe da yamma.

Ranar da kiɗan kukuma daga garmahon ya ratsa bango ana tsakiyar biya karatu, Malam ya leƙo ya ce, "Badaru, in na sake jin abin nan a zaurena, a rijiya zai kwana." Malam kuwa ba ya faɗa sau biyu.

Shi Badaru dama ba tara jama'a yake so ba. Burinsa ya ji kiɗansa a hankali, daidai kunnensa, yana taka keke. Da Malam ya tafi ta'aziyya Gagarawa, sai ya kwance ƙahon ya shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Ya gwada gwangwanin madara, ya yi ta ƙarau-ƙarau kamar an zuba tsakuwa. Ya gwada tulu, muryar mawaƙin ta zama ta mai mura. Ya mayar da ƙahon ya cusa masa ƙyallaye, kiɗan ya mutu murus. Haushi ya ishe shi, har rigar mutane ya ɗinke wa wuya.

A rana ta uku ya ɗauko ƙaramin goran furar matarsa Balkisu, tana mita yana yanke gindinsa. Ya shimfiɗa auduga a ciki, ya liƙe wuyan a bututun garmahon da ƙaro, ya juyo bakin wajen kujerar keke. Sai ga kukuma tas, siririya, mai daɗi. Wanda ke kan kujerar ne kaɗai ke ji. Ka matsa taku ɗaya, sai shiru.

Malam ya dawo, shirun ya yi masa yawa. Bayan la'asar ya shigo shagon ya tarar da faifai yana juyawa. Badaru ya zabura ya ba shi wurin zama, don babba ba ya tsayuwa yaro na zaune. Kujera kuwa ɗaya ce tak a shagon.

Malam ya zauna, ya haɗe rai, ya kara kunne. Can sai ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi cikin takalmi.

"Wannan ba ya ratsa bango," in ji shi. "Ya tsira. Sake wana shi."

"To, Allah ya gafarta Malam."

Da ya tashi tafiya, ya ɓalle goran ya sa a aljihu. "Zai zauna a wurina, kada ya ɗauke maka hankali daga ɗinki."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Malam na kan kujera da goransa, ido a lumshe. Badaru na tsugune a gefe, shi ke wana garmaho, shi ke canza allura, shi ke juya faifai, takaici kamar ya kashe shi. In yana son sanin inda kiɗan ya kai, sai ya dubi yatsan baffansa.