Filaya a Wuyan Dabo

Ranar da aka dawo da Dabo daga asibiti, unguwar Yara kaf sai da ta zo kallon bakinsa. An ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, ga kuma ƙaramar filaya rataye a wuyansa da igiya. Masu dubiya su shigo, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su kalli filayar, su fita zaure su yi dariya. Ba wanda ya tambayi amfaninta.

Matarsa Zulaihatu ta san amfaninta, don ita ta yi jinyarsa, ita kuma likita ya nuna wa hoton ƙashin. Dabo direban babbar mota ne. Shekarun baya ƙofar bodi ta buge shi a fuska ta karya masa muƙamuƙi. Aka kai shi wajen maɗori, ya shafa, ya tofa, ya ɗaure. Ƙashi ya haɗe, amma a baya ya haɗe, haɓarsa ta shige ciki. Tun daga nan ya soma minsharin da maƙwabta ke ji ta katanga, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, da rana kuwa ko a sahun salla gyangyaɗi yake. Gari ya sa masa suna Sarkin Barci. Aka kira wanzami ya cire masa beli, ba abin da ya samu sai zubar jini. Aka ci gaba da dariya har ranar da barci ya kwashe shi a kan sitiyari kusa da Panda, mota ta faɗa gonar dawa da lodin siminti. Alhaji mai motar ya karɓi mabuɗinsa, ya ce in ya warke ya dawo.

A babban asibitin da aka tura su, likita ya yi wa Zulaihatu bayani da bakin biro a kan hoton. Tushen harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa yake, in muƙamuƙi ya ja baya sai harshe ya bi shi ya matse hanyar iska a maƙogwaro. Ya nuna mata wurin, siriri kamar tsinken tsintsiya. Aka yi tiyata, aka yanka ƙashin aka jawo shi gaba, aka ɗaure. A hoto na biyu wurin ya buɗe, ɗan yatsa ma zai wuce. Likita ya ce wayar nan ita ke riƙe da ƙashin har ya kama, in ta kwance kafin lokaci zai koma inda ya fito. Abinci sai mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, ta wata siririyar roba da ake zurawa a giɓin haƙorin da ya rasa. Filaya kuma kada ta bar wuyansa, domin mai ɗaurarren baki in amai ya taso masa ba ta inda zai fita. In hakan ta faru a yanke wayar nan take, a dawo da shi a ranar.

Duk wannan Zulaihatu ta maimaita wa Inno, uwar mijinta, ba sau ɗaya ba.

"Na ji, Malama," in ji Inno. "Ke kika karanta. Ni dai na raini mutum bakwai ba da roba ba."

Aikin ya yi. Dabo ya riƙa barci shiru, har maƙwabcinsu ya leƙo yana tambaya ko an mai da shi asibiti ne. Da rana idonsa tar, yana zaune a tabarma yana sauraron rediyo. Ta cikin haƙora yake magana, sai an matso ake ganewa.

"Ki gaya wa Alhaji ya wanke motar nan," ya ce wa Zulaihatu.

"Ka bari ka iya tauna tuwo tukuna, Malam, kafin ka tauna hanyar Jos."

Sai dai ya rame, kuma ramar ita kaɗai Inno ke gani. Ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, sai dai ta tsaya bakin ƙofa ta dube shi ta ce, "Dubi wuyan yaron nan. Kunu tsararo kamar ruwan wanki, wai shi ne abincin namiji. Ga ƙarfe an rataya masa kamar akuya, baƙi na shigowa suna gani."

A shekarar ce gwamnati ta buɗe makarantu kyauta, aji ya cika maƙil, malamai ba su isa ba. Hedimastan firamaren Liman Abaji, inda Zulaihatu ke koyarwa, ya aiko cewa hutunta ya ƙare. Kullum kafin ta fita sai ta tace kunu ta ajiye, ta taɓa igiyar wuyansa ta tabbatar.

Ranar wata Laraba ta dawo bayan azahar. Tun daga zaure ta ji wani irin sauti da ba tari ba ne. Da ta shiga tsakar gida sai ta tarar da Dabo kwance, kansa a cinyar uwarsa, ga ƙwaryar fura da nono mai kauri ta kusa ƙarewa. Inno ɗura ta yi masa irin ta jarirai, ta dunƙule tafin hannu a giɓin haƙorin tana tsiyayawa, ɗaya hannun ya toshe masa hanci don ya haɗiye dole. Shi kuwa ƙato da gemunsa ya kwanta, don uwa ce ta ce ya kwanta. Ciki ya cika ya dawo da abin da aka ba shi. Fura na fita ta hanci, idanunsa sun firfito, ƙafafunsa na shure tabarma.

Zulaihatu ta yar da littattafai ta juya shi ta gefe, ta kai hannu wuyansa. Ba igiya.

"Inna, ina filayar?"

"Ƙwarewa ce, ki buga masa baya."

"Ina filayar, Inna?"

"Na adana. Tana cikin jerena."

Ta faɗa ɗakin Inno. Kwanukan jere sun kai rufi, ta riƙa fizgo su suna tarwatsewa a ƙasa, har ta samu filayar a wata samira, naɗe da tsumma kamar gwal. Ta dawo ta durƙusa, ta ɗaga leɓensa. Ta san abin da za ta yanke. Wayar da ta yi makonni tana gadi ce, motar Alhaji na jikinta, barcin nan mai shiru ma na jikinta. Leɓensa ya soma canza launi. Ta yanke ta dama, ta yanke ta hagu, ta yanke ta gaba, baki ya saki, fura ta kwararo a kan zanenta. Ya ja iska da ƙara, ya sake ja.

Kafin la'asar gida ya cika. Kawu Husaini, ƙanin mahaifin Dabo kuma babban gidan, ya zauna a kujera ya ce an auna arziki. Kowa ya ce an auna arziki. Aka taya Inno tattara kwanuka, wata ma tana jajanta mata samirar da ta loɓa.

Zulaihatu ta durƙusa gaban Kawu. "Likita ya ce a mai da shi yau."

"Yau kuma? Yamma ta yi, 'yata. Mutum na numfashi, har ya buɗe baki ya yi salati. Gobe Alhamis, jibi Juma'a, Asabar ga sunan gidan Sale. A bari Litinin."

"Kawu, ƙashin bai kama ba. Komawa zai yi."

"In Allah ya so ba zai koma ba."

"Allah ya so aka yi aikin ai."

Kawu ya dube ta, ya dubi Dabo da ke jingine da bango yana tallabe da haɓa, ya ce abin da boko ke koya wa yara ke nan. Mace ba ta ɗaukar miji ta fita da shi gari ba da izinin manya ba, Dabo kuma ba zai ƙetare maganar kawunsa ba. Zulaihatu ta ɗaure wa mijinta haɓa da ɗankwali iya ƙarfinta. A daren Asabar minshari ya dawo, ƙasa-ƙasa.

Da suka isa asibiti ranar Litinin, likita ya sake ɗaukar hoto, ya jera shi kusa da na baya a jikin taga. Bai yi faɗa ba. Ƙashin ya zame, hanyar iskar ta ragu, ba ta kai matsewar farko ba, ba ta kuma kusa da buɗewar da ke hoto na biyu. Ya ce zai gyara iyakar abin da zai gyaru ya sake ɗaurewa, amma ba zai ce masa ya koma tuƙin doguwar hanya ba sai ya ga yadda ya warke.

Dabo ya dubi hotunan ya daɗe. "A gida za a ce haka Allah ya ƙaddara," ya ce.

"Za a ce," in ji Zulaihatu.

Bayan an sake ɗaurin, ta nemi ɗaki a gidan wata ƙawarta kusa da asibiti, ta aika wa hedimasta cewa ya nemi mai riƙe ajinta. Ta kuma aika da saƙo unguwar Yara ta bakin wani direba, a gaishe da Inna da Kawu, a ce musu ba za su dawo ba sai an cire waya. Direban ya tambaya ko ya ƙara da cewa likita ne ya hana.

"A'a," ta ce. "Ka ce ni ce."

Ta sayi sabuwar igiya a bakin asibiti, ta zura filayar, ta rataya wa mijinta a saman riga.