Agogon da Ya Kai Ƙarata

Ni Shitu, ba a taɓa kayar da ni na kwana a ƙasa ba. Kowa a Fassi ya sani. Kububuwa ta sare ni ina saurayi, washegari na je noma. Shekarar amai da gudawa mu bakwai aka kwantar a zaure ɗaya, ni kaɗai na fita da ƙafata. Motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Rano, ta kashe mini hannun hagu, yana nan yana lilo kamar igiya, amma da na daman nan na noma abin da na aurar da 'ya'ya shida. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa roƙon ɗan boko ya ɗaura mini wando ba. Sai ga shi abin da bai kai marfin kwalba ba ya fitar da ni daga gidana.

Tun da matata Fanta ta rasu, autata Hidaya, wadda ke aikin jinya a Kano, ta sa ni gaba sai na koma wurinta. Wai hawan jini, wai ni kaɗai a gida. Na ce mata dawata ta kusa yanka, kuma ko bayan yanka ba inda za ni.

Sai ta zo da wani agogon hannu. Ta ce waya ce a cikinsa, da layinsa.

"Baba, wayarka kullum tana ƙarƙashin filo. Wannan a jikinka zai zauna."

"To da wane hannun zan danna shi, 'yar nan? Da hanci?"

Ta ce ba sai na danna ba. Ta ɗaura mini a hannun dama, tunda shi ke motsi. In ya yi ƙara, in haɗa babban yatsa da manuniya sau biyu, kamar mai kashe kwarkwata, ya ɗauka. In na sake haɗawa sau biyu, ya katse.

"Sau uku zan kira a rana. In kana ɗauka, ka zauna a Fassi. Ranar da na neme ka na rasa, ko na ji wani abu ya same ka, wallahi da mota zan zo."

Na yi dariya. Mutumin da ke ɗaure damin dawa da hannu ɗaya da haƙori?

Ranar farko bayan la'asar ina zaune a masallaci ina tasbihi. Ni ban saba da carbi ba, da gaɓoɓin yatsu nake ƙirgawa tun ina gaban malam. Abin ya fara kuka daidai na iso manuniya. Subhanallah, subhanallah, ya ɗauka. Na ji muryar Hidaya, "Salamu alai…" Subhanallah, subhanallah, ya katse. Na ce bari in ƙarasa tukuna. Ta sake kira, haka. Ta sake, haka. Liman ya waiwayo, sahu gaba ɗaya ya waiwayo.

Da na fito ta kira na huɗu.

"Baba, kashe mini waya kake yi?"

"Ni ambaton Allah nake yi. Shi abin naki ne bai san bambancin kira da zikiri ba."

"To ka riƙa dakatawa in ya yi ƙara."

"In dakatar da tasbihi saboda agogo? Shekara saba'in yatsun nan suna aikinsu ba wanda ya sa musu doka."

Amma na dakata ɗin, don gidana nake so. Na koma in abin ya motsa sai in baje yatsu kamar wanda aka sa wa lalle, in jira, sannan in haɗa a hankali. To a hankalin kuma ba ya ji! Sai in yi ta tsunkular iska a tsakiyar kasuwar Kibiya, mutane na kallo. Gwadabe, abokina tun na ƙuruciya, ya ce, "Shitu, ƙuda kake kamawa ko aljanu kake kira?" Shi ne ma, da ƙarar ta ishi masallaci, ya kai agogon wurin mai cajin waya aka kashe sautin, ya zama sai ɗan zillo kawai yake yi a fata. Fatata kuwa ta sha rana, ba kowane zillo take ji ba.

Haka muka yi kwana tara. Ban rasa kira ko ɗaya ba.

Rana ta goma da hantsi ina duba dawa sai na ga gonar ta juya. Na farka kwance tsakanin kunya biyu, rana ta take. Na tashi da kaina, na kakkaɓe riga, na dawo gida. Kiran azahar na ɗauka, na ce mata lafiya lau.

Da yamma Gwadabe ya zo da tuwon dawa daga gidansa, miyar kuka, muka zauna a ƙofar gida. Labari irin wannan kuma ba ya zama a ciki.

"Gwadabe, yau da kai ne da yanzu ana maka wanka," na ce, ina cura loma. "Tun hantsi nake a sume har rana ta take. Ba wanda ya tashe ni. Na buɗe ido na ga ungulu biyu suna shawagi, na ce musu ba yau ba."

"Kai, Shitu! Ka gaya wa yarinyar nan kuwa?"

"In gaya mata ta kwashe ni? Wannan ne fa na uku tun damina. Ka rufe bakinka, kada Hidaya ta ji."

"Na ji, Baba."

Daga tsintsiyar hannuna maganar ta fito. Lomar na hannuna, miya na gangarowa. Ashe tun ina cura ta farko ta kira, yatsuna suka ɗauka ban sani ba.

"Sau uku, Baba?" Kuka take yi. "Sau uku kana faɗuwa kana ce mini lafiya lau?"

"'Yar nan, hira ce ta tsofaffi, kin san ana ƙara gishiri…"

"Baba Gwadabe, don Allah ka kwana da shi. Da safe ina hanya."

Na yi ta haɗa yatsu in katse ta, ya ƙi. Gwadabe ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Da hantsi motar ta iso. Na ce a bar ni in yanke dawa, kwana goma kacal. Ta ce Gwadabe da 'ya'yansa za su yanka. Na ce ba su iya ɗauri ba, daminsu kwancewa yake yi. Ta ci gaba da ninke rigunana. Na ce to ni ba na tafiya. Sai ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, na rasa Inna ina wajen aiki. Kai ma a waya kake so in ji?" Na ɗauki hulata na shiga motar.

Mun wuce Kibiya, mun kusa Rano, agogon ya yi zillo. Hidaya ta leƙo ta ce Gwadabe ne, ƙila zai tambayi inda na ajiye mukullin rumbu. Na haɗa yatsu sau biyu. Shiru. Na sake, da ƙarfi. Na sake har gaɓar ta yi zafi, yana ta zillo bai ɗauka ba.

"Baba, kawo in danna maka."

"Bar shi," na ce. "In mun isa ki tuƙa mini tuwo."