An Kawo Wuta a Gashuwa

Sharaɗi ɗaya Alhaji Rabe ya kafa kafin ya yarda a haska kamun 'yarsa Afra kai tsaye a intanet: kada fuskar matar aure ko ɗaya ta fita. Amarya a nuna ta, 'yan uwa na Kano da Haɗeja su gani. Amma ɓangaren da matansa da matan ƙannensa za su yi rawa, a rufe shi.

Fauziyya, wadda aka ba aikin haskawar, ta ce masa wannan abu ne mai sauƙi. Ta karanta kimiyyar kwamfuta, kuma masu wannan karatu suna da saurin faɗin haka.

Ga yadda ta tsara. Abokiyar aikinta Salma za ta kafa kyamara a tsakar gidan Alhaji a Gashuwa. Hoton zai bi ta kwamfutar shagonsu da ke bakin kasuwa, inda manhajar da Fauziyya ta rubuta za ta shafa wa ɓangaren hagu, wurin rawar matan, wani dishi-dishi da take kira lulluɓi, sannan ya fita duniya. Ta gina manhajar ne a kan wani rumbun sarrafa bidiyo na kyauta, wanda kowa ke iya buɗewa ya gyara. Aikin lulluɓin yana da nauyi, ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta iya shi da sauri, sai katin hoto, wani falle mai fanka biyu da yayanta Hizbullahi ya sayo a Kano na hannu.

Ita kuwa tana Nguru, zaune a kan tabarma kusa da gadon Hajiya Suwaibatu, mahaifiyar Alhaji, wadda ta karye a ƙugu ta kasa zuwa bikin. Domin tsohuwar aka shirya komai. Fauziyya ta jingina mata babbar waya da matashi, ta ɗora tata kwamfutar a cinya tana lura da shagon daga nesa.

"'Yar nan, wannan hayaƙin fa? Gobara suke yi?" in ji Hajiya.

"Lulluɓi ne, Hajiya. Alhaji ya ce a rufe su."

"Rabe ke nan. Ni na zaɓo masa biyu daga cikinsu, yau ni ake ɓoye wa. Waccan mai jujjuya kafaɗa ai Nuraini ce, ko a buhu aka sa ta na san ta."

Bayan la'asar kaɗan, Fauziyya ta ga lambar da ke nuna cikar ma'ajin katin ta motsa. Tun da aka fara tana tsaye ƙasa da rabi. Yanzu ta haura rabi, tana ci gaba da hawa. Ta buɗe jerin ayyukan da ke riƙe da katin. Ya kamata ta ga ɗaya. Ta ga wata walima daga Dapchi, da taron wata makaranta a Jajimaji, da tallan mai sayar da busasshen kifi, duk sun shiga layi suna neman wuri.

An kawo wuta ke nan a Gashuwa. A shagonsu wannan doka ce da ba a rubuta ba: da zarar fitila ta kama, Hizbullahi zai kashe janareta ya tura wa kwamfutar duk aikin bidiyon da ya taru, kafin masu wutar su tuna sun yi kuskure. Shekaru yana yin haka, ba wanda ya taɓa ce masa komai sai sannu da ƙoƙari.

Ta kira shi. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A karo na uku ta gane dalili: wanda ya ga wuta ba ya barin wayarsa a aljihu. Tana can a jone a shago, shi kuma ya koma rumfar maza a gidan biki cin shinkafa.

Ta kira Salma. Ta cikin hoton kansa tana jin kiɗan da ya hana Salma jin wayarta.

Da a ce katin zai cika abin ya tsaya cak, da da sauƙi. Amma Fauziyya ta yi wa manhajar dabara tun bara. Idan katin ya ƙi ba da wuri, aikin ya koma kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, a zubar da duk abu mai nauyi don kada hoto ya riƙa sarƙewa. A lokacin abu mai nauyi yana nufin furannin da ke yawo a gefen hoton ango. Yau yana nufin lulluɓi. Katin na cika, rawar matan gidan Alhaji Rabe za ta fita tar a shafin da duk mai adireshinsa ke iya buɗewa, ya kuma adana.

"Kin yi shiru," in ji Hajiya. "Amaryar ta kusa?"

"Ta kusa, Hajiya."

Ta nemi hanyar tsayar da ayyukan Hizbullahi kaɗai. Babu. Ita ta tsara manhajar ta buɗe katin sau ɗaya, duk ayyuka su riƙe shi tare, ba ya sakuwa sai na ƙarshe ya saki. Har yabo ta samu a kan wannan tsari daga wani baƙo a zauren masu gyaran rumbun. To ta kashe manhajar gaba ɗaya ta sake tayarwa? Ta koya mata cewa in ta farfaɗo ta ɗora daga inda ta tsaya, saboda ɗauke wuta. Walimar Dapchi za ta dawo da ƙawayenta, wataƙila ma su riga lulluɓin kama wuri.

Lambar ta kusa kaiwa ƙarshe. A hoton, hayaƙin ya ɗan yi rawa, gefen wata lafaya ruwan goro ya fito sarai, ya sake ɓacewa.

Maɓalli ɗaya ya rage mata, wanda ta yi domin ranakun da sabis ba shi da ƙarfi: a yanke hoto, a bar murya. Murya ba ta buƙatar kati.

Guɗa ta tashi daga wayar. Mata suka fara darewa daga bakin ƙofar ɗaki. Hajiya ta yunƙura a kan gwiwar hannu, abin da likita ya hana ta.

"Ga ta nan. Matso min da wayar."

Fauziyya ta danna. Fuskar wayar ta yi baƙi. Kiɗa da guɗa suka ci gaba da cika ɗakin. A kwamfutarta wani jan rubutu ya fito cewa katin ya ƙi ba da wuri, an koma kan ƙwaƙwalwa, an ajiye abubuwa masu nauyi. Sai dai babu hoton da zai fita.

"Me ya faru?"

"Na'urar ce ta cika, Hajiya. Da na bari, da lulluɓin ya faɗi."

"To ya faɗi mana. Wa zai mutu?"

Wayar Fauziyya ta yi ƙara. Alhaji Rabe ne, muryarsa a sama saboda hayaniya. Ya ce mutanen Kano sun dame shi, wai sun ga duhu. Ta yi masa bayani a taƙaice. Sai ya tambaye ta:

"Wani abu ya fita?"

"Gefen lafaya, Alhaji. Babu fuska."

"To bar shi a haka. Hajiya ta ga shigowarta?"

"Ba ta gani ba."

Ya ce zai kira tsohuwar da kansa in an watse, ya kashe.

Hajiya ta koma ta kwanta a hankali. Ta saurari guɗar har ta lafa, aka fara kiran sunayen masu liƙi. Sannan ta tura wayar gefe da bayan hannu.

"Ɗauki abinki, 'yar nan," ta ce. "Rediyo ina da shi."