Dubiyar Saje Badaru

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a jami'a zancenta yake, ni kuwa tambaya ɗaya ta tsaya mini a wuya: a jamhuriya, soja bawan jama'a ne ko ubangidansu? Malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya karanta abin da na rubuta a kai, ya ture gefe.

"Zulkifilu, duk wannan zancen Turawa ne. Nemo sojan da ya yi aiki a Jamhuriya ta Farko, mu ji daga bakinsa. In babu, sai baɗi."

Ni kuwa ba ni da baɗi. Baba ya riga ya share mini wuri a rumfarsa ta dukanci a Daura.

Na yi yawo har takalmina ya tsinke. Cikin tsofaffin sojojin, wanda bai mutu ba ya rikice. Da ƙyar aka kwatanta mini Saje Badaru a Sandamu. Na sayi goro da batir, na rataya rikoda, na tarar da shi kwance a zaure, numfashi sama-sama.

To, wane mara kunya ne zai tasa majinyaci da tambaya? Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Ya dubi rikodar, ya dube ni. Na sunkuyar da kai, na yi masa addu'a, na tashi.

Haka na yi ta sintiri. A hanya in haddace tambayoyina, in na durƙusa a gabansa su gudu. Tsoro ya kama ni sosai, na rame, har na tsani tarbiyyar da aka yi mini. Kullum in ce bari ya ɗan warware.

Ranar da na rantse ko ana ha-maza-ha-mata sai na tambaye shi, tabarmin zaman makokinsa na tarar a ƙofar gida.

Bayan an shafa fatiha, matarsa Barakatu ta sa aka kira ni soro.

"Kai ne yaron rediyo? Ɗana, me ya hana ka tambayarsa? Duk ranar da za ka zo sai ya sa na tashe shi, na wanke masa baki. In ka tafi ya ce, 'Ya ga ban isa a ɗauki maganata ba.' Shi kuma ba ya fara zance ba a tambaye shi ba."